Sawun Imam, Yekini da Shata: Daga Zariya Zuwa Daura

Motar Zariya ba ta daɗewa a tashar Unguwa Uku ba ta cika ba, musamman da sassafe. Damina ta riga ta zauna lokacin da na tashi, dawa ta kai gwiwa a gonakin da ke bayan Kura, shinkafar Kadawa kuwa ta yi kore shar iya ganinka. Niyyata in zaga garuruwan wasu mutane da muka tashi da littattafansu da muryoyinsu, waɗanda duk yanzu sun riga mu gidan gaskiya. Ba kaburbura na fita nema ba. So nake in ga inda suka ci abinci: wa ya biya su, wa ya ba su ɗaki da fitila, wa ya tara musu masu sauraro. Idan ana yabon fasihi, baiwarsa kaɗai ake ambata, ba a cika tuna gidan da ya riƙe shi har baiwar ta nuna ba.

A Kwangila na sauka, na ce wa ɗan acaɓa ya kai ni Gaskiya. Bai tambaye ni wace Gaskiya ba. A wurinsa sunan unguwa ne, daidai da Tudun Wada ko Gyallesu. Da na tambaye shi a hanya ko ya san mafarin sunan, sai ya ce, "Wallahi Baba, haka muka taso muka ji ana faɗa." Sunan na kamfanin ɗab'i ne da gwamnatin Turawa ta kafa a Tukur-Tukur a 1945, shi kuma kamfanin ya samo sunansa daga jaridar da ta girme shi da shekara shida, Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939, ana gab da yaƙin duniya na biyu, jita-jita ta cika kasuwanni. Editanta na Hausa na farko shi ne mutumin da ya kawo ni Zariya, Alhaji Abubakar Imam.

Ba Bazazzagi ba ne. A Kagara aka haife shi a 1911, garin da yanzu yake cikin Jihar Neja, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya zama malami a Midil ta Katsina. Yana nan yana koyarwa, a 1933, Dokta Rupert East na ofishin fassara da ke Zariya ya zaga biranen Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko. Roƙon ya zo wa mutane banbaraƙwai. Malami a wancan zamani fiƙihu yake rubutawa, ko waƙar wa'azi. Tatsuniya kuwa ta tsofaffi mata ce da yara, bayan an ci tuwon dare. Duk da haka littattafai biyar suka fito daga gasar rubutun da aka shirya: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na wansa Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East ɗin kansa. Imam yana da shekara 22 a lokacin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, ina tsaye a gaban tsofaffin gine-ginen Gaskiya, shi ne abin da ya biyo baya. A 1936 aka ɗauke Imam daga aji, aka kawo shi Zariya, aka tara masa littattafan hikayoyin Larabawa da na Indiya da na Turai, aka ce aikinsa ya zauna ya rubuta. Albashinsa na tafiya. Cikin watanni kaɗan ya haɗa Magana Jari Ce, littafi uku, inda aku ke jan hankalin ɗan sarki da labari bayan labari don kada ya fita. Wasu masu nazari kan yi ta nanata cewa yawancin labaran aro ne, daga Dare Dubu da Ɗaya da makamantansa. Gaskiya ne, amma ni ban ga abin kunya a ciki ba. Duk wanda ya karanta ya san ba a jin ƙanshin baƙunta a jikinsu; sarkin da ke ciki sarkinmu ne, ɓarawon namu ne, wawan ma mun san gidansu. Wannan ita ce baiwar. Sai dai baiwar ta sami hukumar da ta ce mata: ga ɗaki, ga takarda, ga injin bugawa, ga makarantun da za su saya. A gaya mini marubucin Hausa guda da ya sami irin wannan gata a yau.

Daga nan Imam ya koma aji a Katsina na ɗan lokaci, kafin a dawo da shi Zariya aikin jarida. Ya riƙe jarida shekaru masu yawa, ya je Ingila a 1943 cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya shiga cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. A Zariya ya rasu a watan Yunin 1981. Muna iya jero waɗannan shekaru dalla-dalla saboda mutumin takarda ne, a cikin takarda ya rayu, har tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya shirya ya fito a 1989. Jaridar tasa kuwa yau ba ta kan teburin mai jarida.

A wannan gari dai aka yi wani da bai taɓa karɓar albashin kowa don ya yi waƙa ba, Malam Aliyu Namangi, makaho, mai Imfiraji. A ka yake tsara baitocinsa, wasu su rubuta masa da ajami. Kafin a buga su da boko a Zariya, makafi da almajirai sun riga sun kai su ƙofar kowane gida a ƙasar Hausa, suna rerawa ana ba su sadaka. Su ne kamfanin ɗab'insa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1990 bayan ya haura shekara casa'in. Na shiga wani shagon littattafai a Sabon Gari na tambayi littattafan mutanen biyu. Magana Jari Ce na nan, an jera shi kusa da ƙofa. Mai shagon ya ce, "Alhaji, wannan ba ya kwantai, ɗalibai na saye saboda jarrabawa." Imfiraji kuwa sai da ya hau kujera ya laluba can sama, ya kakkaɓe masa ƙura da hannun rigarsa kafin ya miƙo mini.

Hanyar Kaduna ba ta da labari, sai Jaji da shingen sojoji, sai Mararrabar Jos da masu tallar rake da gasasshiyar masara. Amma da muka wuce Jaji wani fasinja ya kwaikwayi muryar Samanja, mota ta ɗauki dariya, har direba. Usman Baba Pategi ke nan, Banufe ɗan gidan sarauta, wanda ya yi aikin soja na gaske kafin ya mayar da bariki wasan kwaikwayo. Hausar bariki da yake yi, wadda ake cusa mata Turancin fareti ta ƙarfi da yaji, ba ƙirƙira ba ce, abin da kunnensa ya ji ne. Ya rasu a Kaduna a watan Nuwamban 2023. Shi da Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017, gida ɗaya ya rene su: gidan rediyo da talabijin na Kaduna da gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962. Ƙasimu Yero ya fito a wasan Magana Jari Ce na talabijin, ka ga aikin Tukur-Tukur ya biyo hanyar da na biyo ya iso Kaduna. Rediyon nan kuwa, a zamanin da gajeren zangonsa ke kaiwa har Nijar da Kamaru da Gana, shi ne ya mayar da makaɗan ƙauyuka na duniya. Mawaƙin da ba a sa shi a Kaduna ba, sai dai garinsu su san shi.

Ba don su na shigo Kaduna ba, duk da haka. Kudancin gari na nufa, na haye gada zuwa Kakuri, unguwar masaƙu. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, Arewa da UNTL da wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama cibiyar yadi a Najeriya. Tsofaffin ma'aikata kan ba da labarin lokacin canjin aiki, in jiniya ta yi kuka, yadda kekuna ke cika titi har mota ta rasa hanya. Yanzu ciyawa ce ta fi ƙarfin katanga, rufin wasu ɗakunan injin ya rufta. Na zauna a teburin wani mai shayi da ke fuskantar ɗaya daga cikin ƙofofin, tare da wani dattijo da ya ce a sashen rini ya yi aiki. Na ce masa Yekini na zo tambaya.

"Rashidi?" Ya ajiye kofinsa. "Ai yaron nan namu ne. A nan ya fara."

Rashidi Yekini Bayarabe ne haifaffen Kaduna, a watan Oktoban 1963, kuma ƙungiyar ƙwallon masaƙar UNTL ce ta fara fito da shi. A wancan lokaci kamfanoni da ma'aikatu ke riƙe da ƙungiyoyin ƙwallo: masaƙa, banki, hukumar jiragen ƙasa, kamfanin inshora. Yaro mai ƙafa yakan sami riga da takalmi da ɗan abin sawa a aljihu, ga 'yan kallo a shirye, ma'aikatan da suka tashi daga aiki. Daga UNTL ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, ya yi Abiola Babes, ya ƙetara Abijan wurin Africa Sports, daga can sai Vitória Setúbal ta Fotugal, inda ya fi kowa cin ƙwallo a babbar gasar ƙasar a kakar 1993/94 da ƙwallo 21. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Shi ne ya fi cin ƙwallo a gasar kofin Afirka ta 1992, ya maimaita a ta 1994 a Tunisiya, wadda Najeriya ta ɗauko. Ƙwallo 37 ya ci wa ƙasarsa, adadin da aka shekara da shekaru ana kallo daga nesa.

Duk wannan lissafi ne. Abin da mutane suka riƙe shi ne daren 21 ga Yunin 1994, a Dallas ta Amurka, wasan Najeriya na farko a gasar kofin duniya. Finidi George ya gangaro da ƙwallo daga dama, Yekini ya tura ta ragar Bulgeriya, ya bi ta ciki, ya damƙi ragar da hannu biyu yana girgizawa yana ihu. Mu a nan tsakar dare ne, amma unguwa ba ta yi barci ba. Dattijon ya tuna mini abin da na manta: ƙwallo ta biyu a wasan Daniel Amokachi ne ya ci, shi ma ɗan Kaduna, daga Ranchers Bees. An tashi 3 da nema, biyu daga ciki na yaran garin nan ne. Ya faɗi haka yana nuna ƙasa da yatsa, kamar a wurin teburin shayin aka ci su.

Yekini ya rasu a Ibadan ranar 4 ga Mayun 2012, yana da shekara 48, bayan wasu shekaru da ya yi a keɓe, ba ya son shiga jama'a. Aka kai shi Ira ta Jihar Kwara aka binne. An yi ta maganganu a jaridu kan yadda aka bar shi shi kaɗai, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni a Kakuri wani abu na gani daban. Ba mutumin kaɗai aka bari ba, har tsanin da ya hau an bar shi ya ruɓe. Yaron da aka haifa a unguwar nan yau da irin ƙafar Yekini, wace masaƙa ce za ta ba shi riga? Dattijon bai amsa wannan ba, ya dai koma zancen haƙƙoƙinsu na sallama, wanda da alama shi ne zancen da ya fi yi a kowace rana.

Audugar da waɗancan injuna ke ci, yawancinta daga inda na nufa take zuwa. Na komo Zariya, na bi ta Samaru da Shika da Giwa zuwa Funtuwa. Garin auduga ne tun zamanin Turawa: ga layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan zuwa Gusau da Ƙaurar Namoda, ga injinan gurza, ga manyan motoci da direbobinsu da 'yan kamasho. Inda kuɗin kaka ke zuba, nan makaɗi ke sauka. Ban yi mamaki ba da Mamman Shata ya zaɓi garin nan ya zauna kusan shekara arba'in, alhali duk birnin da ya so zai iya zama.

A Musawa aka haife shi a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ne, kuma ba gadonsu ba ne. Ya yi tallar goro, ya yi ta alewa, yana waƙa a dandali ba don kuɗi ba. Wanda ya fara ba shi wurin zama a matsayin mawaƙi shi ne Abdullahi Inde, ɗan sarautar Musawa da ke aikin sayen auduga da gyaɗa na En'e a Bakori. Can ya kira shi, can ya zauna, daga can ya riƙa fita da makaɗansa. A 1952, a bikin 'yan sarki a Kano, tauraronsa ya fito sarai. Wato kuɗin auduga ne ya ɗauki nauyin Shata a farkon tafiya, yadda yadin audugar ya ɗauki nauyin Yekini shekara talatin da wani abu bayan haka. Ban taɓa haɗa mutanen nan biyu a zuciyata ba sai da na bi hanyar da ƙafata.

A Funtuwa ba ka buƙatar allo. Duk ɗan acaɓan da ka ce wa gidan Shata zai kai ka, ko da bayan rasuwarsa aka haife shi. Ban shiga ba. Gidan mutane ne, ba gidan kallo ba. Na dai nemi inuwa a kusa, inda wasu dattawa ke zaune a kan benci, na yi sallama, aka matsa mini. Cikin hira ɗayansu ya ce abin da ya bambanta Shata da sauran shi ne ba ya zama a gida ya shirya waƙa. Yakan ba 'yan amshi layi ɗaya gajere, kalangai su ɗauka, shi kuma ya tsaya a tsaye ya dinga zubo magana a kan abin da idonsa ke gani a filin. Shi ya sa waƙa ɗaya in ka ji ta a kaset biyu, ba za ta zo iri ɗaya ba. Bakandamiya ma, wadda yake wasa kansa a ciki, kowane ɗauka da irin tata. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo akasin haka suke: a zauna da yara, a tace waƙa, a haddace, sannan a kai wa sarki. Su sarki ɗaya ko gidan sarauta suke wa aiki tun asali. Shata na kowa ne, muddin ka yi abin da zai sa ya ambace ka.

Kuma ya ambaci kowa. Sarakuna, attajirai, direbobi, sojojin yaƙin basasa, 'yan bori, matan da suka yi masa alheri, har kumbon Apollo 11 da ya sauka a wata a 1969. Akwai mutane da yawa a ƙasar Hausa da ba don bakinsa ba, da yanzu jikokinsu kaɗai suka san an yi su. Sun ba shi riga, ko doki, ko mota. Rigar ta tsufa, motar ta zama ƙarfe, sunansu yana nan yana yawo a wayar yaron da bai san ko su wane ne ba. Idan ciniki ne, su suka ci riba.

Ba na cikin masu mayar da shi waliyyi. Bakin da ke yabo shi ke zambo, kuma zambonsa ba ya warkewa. Wanda aka yi wa Gagarabadau ya shaida. Waƙarsa ta shan ruwa har gobe malamai ba su yafe ta ba, alhali shi ɗin ne kuma ya yi ta yabon Annabi da ake sawa a ji tsigar jiki na tashi. Ya taɓa siyasa, ya riƙe shugabancin jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, tun daga nan "Dokta" ta manne wa sunansa. Tarihinsa kuwa sai bayan ransa aka tattara shi sosai, a littafin Shata Ikon Allah da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar a 2006, bayan sun bi tsofaffin makaɗansa da abokansa suna tambaya. Da sun ƙara jinkiri, da da yawa cikin masu ba da labarin sun tafi da shi.

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai a gefen bencin tana jinmu, sai ta ce, "Ku maza kullum Shata, Shata. Barmani fa, ba a garin nan take ba?" Ta yi gaskiya. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge a Funtuwa ta zauna har ta rasu a 2013. Kiɗanta na ƙwarya ne, amada: a kifa ƙwarya a kan ruwa, a kifa wasu a ƙasa, mata su kaɗa. Ita ba sarki ya riƙe ta ba, ba attajiri ba. Matan cikin gida ne, da kuɗin adashi da na ƙuli-ƙuli da na kitso, a bikin aure da na suna, inda namiji ba ya shiga. Abin da take faɗa musu ke nan kuma: ku kama sana'a, kada ku zauna jiran miji, ga zancen kishiya, ga na haihuwa, ba tare da sakaya ba. Cikin duk gidajen da na zo dubawa, nata ne kaɗai na tarar da ransa, don har yanzu ana biki, har yanzu mata na liƙi. Abin da ya canja shi ne yanzu na'ura ake ɗaukowa da lasifika, ƙwaryar ta koma kicin.

Bakori ba ta da nisa da Funtuwa, kafin ka gyara zama an iso. Musawa na so shiga, amma direban da ya ɗauko mu ya girgiza kai. "Alhaji, ku yi haƙuri, la'asar ta yi. Hanyar nan ba a binta da yamma yanzu." Babu wanda ya yi masa musu a motar, kowa ya san 'yan bindiga yake nufi. Shata ya yi shekaru yana ratsa dazukan nan da tsakar dare, daga wannan biki zuwa wancan, da motarsa cike da makaɗa. Muka miƙe ta Malumfashi zuwa Katsina.

A Katsina na leƙa tsohon ginin Kwaleji, na ƙasa, wanda aka buɗe a 1922, yanzu gidan adana kayan tarihi ne. Ɗakunan ƙanana ne, masu sanyi, da kaurin bango. Imam da Tafawa Ɓalewa sun zauna a cikinsu suna ɗalibai, Bello Kagara ya koyar. Aƙalla uku daga cikin littattafan nan biyar na farko, a nan masu su suka ratsa. Ban daɗe ba, don Daura nake so in kai da rana.

Mutum zai tambaya, me ya kai Bamusawe mazaunin Funtuwa, wanda ake kira Shata Katsina, wanda ya cika a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, ya kwanta a Daura? Amsar ita ce Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007. Shi ne babban ubangidan Shata a rabin rayuwarsa na ƙarshe, kuma waƙar da ya yi masa tana cikin waɗanda ko yaro ya san amshinsu. Dangantakar ta wuce ta a yi waƙa a ba da kyauta. Da rai ya yi halinsa, Daura aka kawo shi, sarkin ya tsaya a kan jana'izarsa. Bahaushe na cewa maroƙi ba ya da gida sai na ubangidansa, ana faɗa ne da raini. A nan na ga maganar ta wata fuskar: ubangidan ya riƙe amanar har rami.

Na bi ta ƙofar fada, na leƙa rijiyar Kusugu tunda an zo, aka ɗebo mini ruwa da guga na sha yadda kowane baƙo ke yi. Daga nan wani dattijo ya raka ni maƙabarta. Na yi wa mazauna cikinta sallama baki ɗaya, na yi addu'a ga Shata da sarkinsa, na haɗa da Imam da Namangi da Barmani da Yekini da su Samanja. Allah Ya jiƙansu, Ya yafe musu kurakuransu.

A tashar Kano da ke Daura, kafin mota ta cika, na tsaya wurin wani yaro mai tura waƙoƙi a waya, yana zaune a ƙarƙashin lema da tsohuwar kwamfuta a cinyarsa. Na ce ya nuna mini abin da yake da shi na tsofaffi. Ya buɗe: Shata shi kaɗai ya fi ƙarfin ƙaramin memori, ga Ɗanƙwairo, ga Ɗan Anace da waƙar Shago, ga Haruna Uji, ga Ɗanmaraya Jos mai kuntigi, wanda ya yi wa karen mota waƙa lokacin da kowa ke yi wa mai motar. Shi ma a watan Yuni ya rasu, a 2015. Wasu waƙoƙin daga faifan garmaho aka kwaso su, ana jin ƙarar allura. Wasu daga rediyo, har da guntun muryar mai gabatarwa a farko. Babu shekara a jikin ko ɗaya, babu sunan makaɗi ko ɗan amshi, wasu ma sunan da aka liƙa musu ba nasu ba ne. Na tambaye shi ko wani abu na zuwa ga iyalan masu waƙoƙin daga abin da yake karɓa. Ya dube ni, ya ga da gaske nake, ya ce, "Baba, ni ma turo mini aka yi."

Na ba shi wayata ya cika. A mota kuma direba ya sa nasa, muna fita gari gardama ta tashi tsakanin wani malamin makaranta da wani mai sayar da fata kan Shata da Ɗanƙwairo wa ya fi. Malamin ya ce Ɗanƙwairo ya fi tsara magana, mai fata ya ce a kawo wanda zai tsaya a fili ba shiri ya kai asuba. Har muka wuce Kazaure ba su rabu ba, sai da mai fata ya sauka a Ɗambatta.